Jar Saniyar da Hammajoda Ya Jira

Hammajoda bai taɓa son gari ba, kuma bai ɓoye ba. Bafulatanin dajin Alakos ne, dogo, mai tsadar magana. Kafin fari, in ya shigo Gure ran kasuwa, gishiri da kanwa zai saya a rumfata ya juya, ko ruwanmu ba ya tsayawa sha. Sai ga shekarar saba'in da uku ta zaunar da shi a cikinmu.

Shanunsa sun ƙare a hanyar rijiyoyi, ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Dija ta kwashi yara ta bi danginta kudu. Ta yi roƙon duniya ya zo su tafi tare, ya ce yana da sauran saniya. Ba ƙarya ya yi ba. Tun kafin fari ya ba abokinsa Bobbo wata jar karsana habbanaye, wato aron da Fulani ke yi wa juna: ka riƙe saniya ta haifa maka, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma gida. Ita kaɗai ta rage daga jinin shanun ubansa. Da za su rabu a daji, ya ce wa Bobbo in ya fita da rai ya same shi a kasuwar Gure. Maganar nan ita ta ɗaure shi.

Ya kafa 'yar bukka bayan gari, gefen tudun rairayi, shi kaɗai. Ran kasuwa tun hantsi yana kara, inda ake cinikin dabbobi, sanda a kafaɗa, ido a hanyar gabas. Sauran ranaku sai ya tufka igiyar kaba ya kawo mini in sayar masa. Igiyar ɗaure shanu, a ƙasar da shanu suka ƙare! In kamiyon taimako, wato babbar motar kaya, ya kawo jar dawa, sai kowa ya watse yake matsowa, sau da yawa ya tarar an kakkaɓe buhu.

Ni kam haushinsa nake ji. Wata rana na ce, "Hammajoda, saniyar nan ta mutu har ta ruɓe. Ka tahi wajen iyalinka mana."

Ya ce, "In tana da rai, Allah na kiwonta. In ta mutu, ba ɓacewa ta yi ba, wajen Mai ita ta koma. Ni dai na ce a same ni nan."

Da yamma kuma, lokacin da garke ke dawowa, na sha jiyo shi a kan tudu yana kiran shanunsa da sunayensu. Nan haushin ke gushewa, tausayi ya kama ni, in rasa inda zan sa kaina.

Bayan daminar da ta biyo baya, Bobbo ya iso, a ƙasa, ya rame kamar kara, da naɗaɗɗiyar fata a ka. Ya sauke ta gaban Hammajoda, ya tsuguna, ya kasa ɗaga ido.

"Hamma, ga amanarka. Iyakar abin da na iya kawowa ke nan."

Hammajoda ya warware fatar, ya duba yankan kunne, shaidar shanun gidansu, ya daɗe da tafinsa a kai.

"Ta haihu?"

"Ta haihu. Ɗan ya riga ta."

"An samu yanka ta?"

"An samu."

"Yaranka sun ci?"

"Da ba don ita ba, Hamma, da na rufe biyu a cikinsu."

"Alhamdu lillahi," in ji Hammajoda. "Ashe aikin da aka aike ta ke nan, ni ina nan ina jira."

Bai yi kuka ba, Bobbo ne ya yi. Kashegari ya kai fatar aka jeme ta, aka ɗinka masa guga. Da shi ya shiga ɗiban ruwa a rijiyar bakin gari, yana shayar da 'yan shanun mutane da suka tsira. Garke bai sake tsaya masa ba, Dija ma sai saƙon gaisuwa jefi-jefi.

Na taɓa samunsa a rijiyar na ce, "Wai kai ba ka jin zafin abin nan ne?"

Ya ce, "Ina ji mana, Barmo. Kullum."

Ya yi bisimilla ya sake jefa gugan.