Kulu da Wala Mai Ɗori a Ƙafa

A Rimawa, zamanin mulkin Turawa, an yi wata mata da ake kira Kulu mai fura. Gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga murya daga bayan gida sai mai ban ruwa a fadama ya ɗago kai. Furarta kuwa sai wanda ya sha. Mutanen Goronyo da ke zuwa cin kasuwa sukan tsallake masu fura da yawa don su iso gaban ƙwaryarta, ita ma ta san haka, shi ya sa ba ta rage wa kowa baki. Amma tsofaffin garin in sun tuna da ita ba furar suke fara ambata ba. Idonta suke yabo, don idon nan ya taɓa ceton mutum.

Tun tana yarinya take kallon tsuntsaye. In gero ya fitar da kai akan tura yara gona korar tsuntsu, ita kuma kullum tare ake tura ta da Mode, ɗan kawunta, wato taubashinta. Sauran yara suna ta ihu da jifa, su biyun suna kan rumfa suna gardama, tsuntsaye na cin geron kawu hankali kwance. Mode ya ɗan girme ta, kuma shi ya koya mata cewa abin da mutane ke haɗawa su kira kurciya ba iri ɗaya ba ne. Ga hasbiya, babba kamar tattabarar gida, da jan ido kamar wadda ta wuni kuka, da ɗigon fari a fukafukai, ba wurin zaman da take so irin kan giginya. Ga bardo, ɗan ƙarami mai doguwar wutsiya, namijin da baƙar fuska. Ga kurciyar gamji, koriya shar, wadda sai wuyanka ya gaji kafin ka hango ta cikin ganye. Waɗannan ba su da wuyar rabawa. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin kurciya da wala.

"Ke duba wuya, baƙauya," in ji Mode. "Wala na da baƙin zare nan bisa ƙeya, awa an ɗaura mata. Kurciya ba ta da shi, ita ɗige-ɗige ag gare ta ga ƙirji. In kin ga ƙeya kin gama."

"To Sarkin Figa," in ji Kulu, "in na sani mi za shi ƙara mani? Dut nama na."

Haka ta faɗa da baki, amma ta riƙe abin a kanta.

Suka girma. Kulu ta auri wani manomi, Abdulƙadiri, ta haifi ɗan farinta Abu, waɗanda suka biyo bayansa kuwa ba wanda ya kai yaye. Shekarar da fara ta cinye gero Abdulƙadiri ya rasu, Abu ya ɗauki hauyar ubansa. Da yake ɗan fari ne, Kulu ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi a gaban mutane, "yaron ga" kawai take cewa. Amma duk furar da ta fi laushi tasa ce, a rufe da faifai a bayan randa.

Shi kuwa Mode ya zama mai tarko. Da izgar doki yake kitsa tarkonsa, ya kafa a bakin gulbi inda tsuntsaye ke saukowa shan ruwa, da rani kuma ya yi 'yar albasarsa a fadama. Ƙofar gidansa na kallon ta Kulu, ba kuwa ranar da za ta fito ta faɗi ba su tsokani juna ba. Ya ce furarta ta yi tsami tun zamanin kakanni, ta ce gemunsa ba gemu ba ne, gashin kurciya ne ya liƙa. In ya yi kamu mai kyau kuma, sai ga rabonta an aiko, figagge.

Ana nan sai yaƙin Turawa ya taso, aka shiga ɗibar maza ana kai su haƙar kuza can ƙasar Jos. Wanda ya je ya dawo, da tari yake dawowa da labarin sanyi, wani kuma ba ya dawowa. Samari suka fara sulalewa, wani ya yi arewa ƙasar Faransi, wani ya yi kudu. Wata safiya da rani aka nemi Abu aka rasa. Hauyarsa na rataye, tabarmarsa a naɗe, furar jiya ma bai sha ba.

Mai hankali zai ce gudun kuza ya yi kamar sauran. Amma sauran kowa ya raɗa wa uwarsa kafin ya fita, Abu kuwa ko uffan. Wannan shi ya tsaya wa Kulu a rai. Ta kasa yarda cewa ɗan da ta sha wuya a kansa zai tsallake ta da ƙafarsa da hankalinsa. Ga shi kunyar ɗan fari ta hana ta kuka a fili, sai dai ta juye baƙin cikin a turmi.

To a wancan zamani, in mutum ya bar gida haka ba sallama, cewa ake an yi masa kurciya. Wai wani mai mugun nufi ne yake samun kurciya mai rai, ya ɗaura mata laya a ƙafa ya sake ta, tana yawo mutumin yana yawo, ba zai tuna gida ba sai an kama ta an kwance layar. Masu faɗa kuma sun ce aikin ba ya ci sai da kurciya ta ainihi.

Kulu na da wata maƙwabciya, Sabuwa. Ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ke riga idonta isa wuri. Ita ta shigo tana haki.

"Kulu, ni dai abin da nig gani shi za ni hwaɗi. Ran da yaronki yab ɓace, na tai rijiya da swahe, nig ga Mode bayan dangatai ya saki kurciya, da wani abu ɗaure ga ƙahwa. Da idona!"

Nan da nan aka tuna cewa kwanan baya jakin Abu ya shiga albasar Mode ya yi ɓarna, har Mode ya fusata ya ce masa ya ɓace masa da gani. Aka haɗa wannan da wancan, kafin azahar magana ta gama gari.

Mode bai yi shiru ba. Ya ce lalle ya saki tsuntsuwa, amma wala ce. Tarkonsa ne ya karya mata ƙafa, da ya taɓa cikinta ya ji tana kan ƙwai, shi kuwa ba ya cin mai kwanci, sai ya yi mata ɗori da sillen kara da zare ya sake ta. Aka yi masa dariya. Wa ya taɓa ganin mai tarko yana jinyar naman miyarsa? Wala da kurciya kuma, in ji su, ai duk kanwar ja ce, dabara ce kawai ta wanda asirinsa ya tonu.

Ba wanda ya kai shi gaban alƙali, amma abin da aka yi masa ya fi haka ciwo. In ya kai tsuntsaye kasuwa ba mai tayawa. In ya fito da akushinsa ƙofar gida, waɗanda suka saba sa hannu tare da shi sai kowa ya tuna yana da uzuri. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa ta gefensa. Ya haɗiye duk wannan yana sauraron mutum ɗaya. Da Kulu za ta fito ta ce ba ta zarginsa, da magana ta mutu, don ita ce mai ɗa.

Kulu kuwa ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. In sun haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta wuce. Gaskiyar magana, so take a ce kurciyar ce. In kurciya ce, to ɗanta bai guje ta ba, korarsa aka yi, kuma akwai layar da za a kwance ya dawo. Saboda haka kullum sai ta watsa tsaba a bayan gida, ta zauna tana duban ƙafafun tsuntsaye.

Da Mode ya ga har taubashiyarsa ta juya masa baya, sai ya ce zama ya ƙare. Ya tura iyalinsa Giyawa wurin dangin matarsa, ya ce shi ma zai bi su da sauran kaya. Mutumin da aka haifa a Rimawa, aka binne iyayensa a Rimawa, ga shi zai bar ta da sunan mai sammu.

Ranar da zai tashi, da hantsi, Kulu da Sabuwa suna bayan gida suna bakace. Tsuntsaye suka sauko kan tsaba kamar yadda suka saba. Can sai ga wata ta diro daga kan danga tana ɗingishi, da wani abu fari-fari ɗaure a ƙafarta. Sabuwa ta damƙi hannun Kulu.

"Ga ta nan! Wallahi ita ta! Kulu, Allah ya kawo miki ɗanki har gida. Kak ki motsa."

Kulu ta tsaya cak. Ta zuba wa ƙafar ido, amma daga inda take ba ka cewa laya ce ko kara ne. Tsuntsuwar ta matso, ta sunkuyar da kai za ta tsinci tsaba, sai ƙeyarta ta fito fili. Ga baƙin zare nan kwance a bayan wuya. Kulu ta jira ta ɗago, ta dubi ƙirjin, ta gan shi sumul, ba ɗigo ko ɗaya. Ta sake dubawa tana fatan idonta ne ya yi mata ƙarya, amma zaren yana nan inda ta gan shi.

Sabuwa ta zare mayafi ta wurga don ta rufe ta, ta kuskure. Tsuntsaye suka tashi fir, mai ɗingishin ta bi su suka yi wajen gulbi. Sabuwa ta ɗora hannu a ka tana salati, wai shi ke nan Abu ya ƙara nisa.

"Bar kuka, Sabuwa," in ji Kulu. "Wagga ba kurciya ba ta. Wala ta."

"Ke kuma! Mi ab bambancinsu?"

"Bambancin shi na, Mode gaskiya yah hwaɗi, mu munka ƙi ji."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ashe da ƙafarsa yaron ya tafi, ba wata layar da za a kwance. Ashe kuma da shirunta ta kusa korar ɗan kawunta daga garin ubansa. Ba wanda ya lura da ƙeyar nan sai ita, da ta so da ta kama bakinta, a ci gaba da tausaya mata ana farautar kurciya. Amma Kulu ba ta iya ganin abu ta yi kamar ba ta gani ba. Ta share fuska ta miƙe.

Ta tarar da Mode a ƙofar gida ya ɗora wa jaki kaya, tukwane da tabarmi da tarkuna, yana fama da igiya shi kaɗai. Mutane na tsaye nesa-nesa suna kallo, ba mai kama masa. Kulu ta ratsa su, ta ɗaga muryar nan tata.

"Jama'a, ku saurara! Tsuntsuwad da Mode yas saki ta sauka bayan gidana yanzun ga, na gane ta da idona, Sabuwa na wurin. Wala ta, da baƙin zarenta ga ƙeya. Ba a yi ma yaron ga komi ba, tahiyatai yay yi. Ni ad da ɗa, ni kuwa na ce ban zargin kowa. Wanda duk yaƙ ƙara aza ma ɗan kawuna wagga magana, ni da shi na!"

Aka juya ana duban Sabuwa, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ƙafa ta duba, tun ran farko ma ƙafa ta duba. Masu dariyar kwanan baya kowa ya shiga sosa ƙeya.

Kulu ta durƙusa gaban Mode. "Ɗan uwana, ka yahe mani. Na san halinka tun muna ƙanana, amma nib bari son raina yar rufe mani ido."

Mode ya saki igiya, hawaye na bin gemunsa. "Tashi, Kulu. Wanda ɗanai yab ɓace ba a kama shi da laihi. Kin wanke ni da raina, gaban mutane. Na gode Allah, na gode miki."

"To kwance kayan ga."

Ya sauke tukwane, ya sauke tabarmi da tarkuna, yanzu kam hannuwa sun yi yawa wurin taya shi. Amma da aka zo kan bargo da gorar ruwa sai ya dafe su.

"Wanga ban kwance shi. Na riga na yi niyyat tahiya, ba ta tashi banza. Tunda da ƙahwatai yat tahi, ƙahwa na iya cim mai. Hwatake sun ce samarinmu na taruwa wajen Ƙonni. Can za ni, in ban ishe shi ba in ƙara gaba. Ke dai ki aika Giyawa a maido mani iyali."

Kulu ta dube shi. Mutumin da ta ƙi gaisarwa shi zai shiga duniya neman ɗanta. Ta ruga gida ta kwaso duk furar da ta dunƙula don kasuwa ta ɗura masa a jaka, ya kaɗa jakinsa ya yi arewa.

Damina ta faɗi bai dawo ba. Mutanen gari suka yi gayya suka nome masa gona, ba wanda ya roƙe su. Sai bayan an yi kaka, an daina ɗibar 'yan kuza, wata rana da la'asar aka hangi jaki ya ɓullo ta hanyar arewa, mutum biyu na biye da shi. Kulu na bakin turmi aka zo aka gaya mata. Ta ajiye taɓarya, ta fuskanci gabas ta yi sujada nan a kan ƙasa, sannan ta fita.