Baba Zira, Mutumin da Ya Ture Ni a Ƙofar Ɗakin Masu Jego

Kullum kafin ƙarfe bakwai Baba Zira Elkana ya jingine kekensa a gindin mangwaron asibiti. Ƙaramin asibitin haihuwa ne mai zaman kansa a nan Mubi, aikinsa a can kuwa kula da iyakwandishan uku da fankoki da janareto. Bai gaida kowa ba sai ya shiga ɗakin masu jego, ya tsaya a tsakiya yana shinshina kamar mai sayen man shanu. Daga nan ya zare ragar kowace na'ura ya wanke a daro da sabulu, ya shanya, ya zura waya a bututun da ruwa ke ɗiga kada ya toshe ɗaki ya yi warin ruma. Shekara goma sha huɗu ke nan, tun farkon Jihar Gongola, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda gwiwa ta ƙi.

Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, a tambayi Sista Aisatu. Ma'aikatan jinya kan cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa kada sanyi ya fita, shi kuma kowace safiya ya zare ya zubar. Akwai 'yar kafa a jikin na'urar da ke shigo da iskar waje; su rufe don ɗaki ya ƙara sanyi, shi ya buɗe, yana cewa mutum takwas a rufaffen ɗaki numfashin juna suke sha. Lokacin sanyi kuma da kakanni yake yaƙi, masu shigo da kaskon garwashi a ɓoye su tura ƙarƙashin gadon mai jego. Janareto kuwa can ƙarshen katanga ya ajiye shi, ya ce ko likita bai isa ya matso da shi ba. Sarkin Fitina ake ce masa a bayan ido, kuma ni ma na faɗa.

Sunana Ezekiya, malamin firamare ne ni. A watan Mayu na 1982 matata Dibora ta haifi 'yarmu ta fari a asibitin. Kwana biyu da haihuwar aka tafka ruwan farkon damina da sassafe, aka ɗauke wuta. Maigadi Kalibu, mutumin kirki, ya ga janareto zai jiƙe, ya nemi taimako suka jawo shi ƙarƙashin rufin bayan ɗakin masu jego, salansar da ke fitar da hayaƙi tana kallon bayan iyakwandishan. Da rana ta fito gari ya ɗau zafi, aka tayar da shi. Baba Zira bai iso ba, kogi ya cika ya tare masa hanya daga ƙauyen Bahuli.

Wajen ƙarfe goma Sista Aisatu ta leƙo daga ɗakin masu jego dafe da kai, ta ce ciwon kai ya dame ta, amma dai matan sun samu barci, kada in bar kowa ya buɗe ƙofa. Na karɓi aikin hannu bibbiyu. Na zauna a benci ina korar 'yan barka, har wata tsohuwa da ta ɗauko kunu tun daga Maiha. Mata huɗu da jarirai huɗu ne a ciki, ba mai ko tari, ni kuwa ina gode wa Allah da wannan shiru.

Kusan sha ɗaya da rabi ya shigo, wando jiƙe har cinya. Ya tsaya cak ya karkata kunne, sai ya saki keken ya faɗi. Ban taɓa ganin yana gudu ba sai ranar. Ya zagaya baya, ƙarar janareto ta mutu, sai ga shi ya nufo ƙofa. Na miƙe na ware hannuwa.

"Baba, a yi haƙuri, barci suke yi."

"Malam, tun yaushe yara ba su yi kuka ba?"

Na ce ya fi awa guda. Ban rufe baki ba ya sa hannu a ƙirjina ya ture ni, na faɗa kan benci a gaban mutane.

Abin da na gani da na bi shi ciki har yau yana hana ni sukuni. Ɗakin sanyi ƙalau, tsaf, ba hayaƙin da ido ke gani. Sista ta kifa kai a tebur, biro a hannunta. Dibora na kwance ido rabi a buɗe, na kira sunanta sau uku ba ta motsa ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban san akwai shi ba. Baba Zira ya ɗaga sifana yana fasa gilasan taga ɗaya bayan ɗaya, don tuni an liƙe su, yana kiran kowa ya zo a kwashe su waje, jarirai tukuna.

A gindin mangwaro aka jera su. Likita ya iso a guje. Matan suka fara farfaɗowa da amai, jarirai uku suka tsala kuka. Tawa ba ta yi ba. Likita ya durƙusa a kanta yana hura mata numfashi, ni ina kallon 'yan yatsunta a sake, ina cewa a raina da hannuna na tsare ƙofar nan. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai ta yi wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa, na zauna a cikin taɓo. Daga baya likita ya ce hayaƙin janareto ne iyakwandishan ya yi ta zuƙowa cikin ɗakin, kuma da an ƙara rabin awa, da sai dai wani labarin.

Baba Zira, kai ne ka ji da kunne abin da mu muka kasa gani da ido. Kai ne ka hana a kori Kalibu, ka ce laifinka ne da ba ka yi wa janareto rumfa ba, ka kuma kafa ta da hannunka a makon da abin ya faru. Hancin asibiti, gatan masu jego. Ba a taɓa kiran sunanka a taron godiya a coci ko masallaci ba, likita muke yi wa godiya.

Yau ina jin tsoro. Janareto ya yi yawa a gari, a shaguna da gidaje, kuma ina ganinsa a baranda dab da taga. Wanda zai gaje ka, da duk mai gyara a Mubi, ku koyi wannan fitinar: ku wanke raga, ku bar wa ɗaki kafar shan iska, ku nisanta hayaƙi da masu barci, ko da za a zage ku.

Baba Zira, kwana uku bayan abin ka zo gidana, hula a hannu, ka durƙusa a tsakar gida da furfurarka. Ka ce ka zo ba ni haƙuri, bai kamata ka ture malami a gaban jama'a ba. Don kunya na ce ba komai kawai. Shekara takwas ina riƙe da amsar. 'Yar tawa, Selina, tana aji uku yanzu, Baba. Na gode da ka ture ni.