Kawu Ɗanjuma da neman gilisirin

Ku da kuka zauna da Kawu Ɗanjuma kun san ba ya sayen abu sai ya karanta rubutun jikinsa tun daga sama har ƙasa, ko da sabulu ne. Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wata sakandare a Ƙaura, shi ke nan sai ya koma cewa "mu masana kimiyya."

Duk kimiyyar nan ba ta hana shi zuƙar taba ba. Sai da tari ya fara kayar da shi, ɗiyarsa Hadiza ta zauna gabansa tana kuka, sannan ya rantse ya bari. Wani abokinsa ɗan Jangeru ya kawo masa sigarin lantarki, mai fitar da tururi. Da ruwan da ake zuba wa sigarin ya ƙare ya ji tsadar sabo, sai ya ce ai gilisirin, wani ruwa mai kauri da santsi, shi ne rabinsa, shi zai haɗa abinsa.

Ranar kasuwar Shinkafi na raka shi neman gilisirin ɗin. Mai kayan shafe-shafe ya miƙo masa irin wanda mata ke shafawa a ƙafa, yana ta rantsuwa duk ɗaya ne. Kawu ya buɗe, ya shinshina, turare ya bugi hancinsa.

"Kai yaro, huhuna ya yi maka kama da diddige mai kaushi?"

A Zurmi kuma wani mai kemis ya tsiyayo masa daga jarka, a kwalba ba suna ba hatimi. Kawu ya ce abin da bai san uban da ya yi shi ba, ba ya shiga ƙirjinsa. Na kasa haƙuri, na ce Kawu, ai kwalin taba a rubuce yake tana kisa, kuma ka sha.

"Awo. Ita ai ta gaya mini gaskiya."

Daga nan ya rubuta mini a takarda, da yake ina jigilar fasinja zuwa Gusau: tsantsa, a rufe daga kamfani, irin wanda ake sawa a abinci da magani, ba turare ba mai. Wallahi abin wasa na ɗauke shi. Kullum na dawo sai in ce na manta, in yi dariya, shi ma ya yi. Ashe sati uku kawai ya iya daurewa, ya koma taba a ɓoye bayan rumbu don kada Hadiza ta gani.

Ranar da na sayo, a gadon asibiti na same shi, numfashi da ƙyar. Ya dubi ledar hannuna.

"Wata biyu, Sani. Gusau ɗin ƙara nisa ta yi?"

Likita ya ce ƙirjin ya daɗe da lalacewa, ko tururin ma ba alheri ba ne gare shi. Na ji, amma bai sanyaya mini rai ba. Mutumin da ya goye ni ina yaro, abu ɗaya tak ya taɓa roƙona, ni kuwa na mayar da shi abin dariya. Bayan kwana huɗu ya cika.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya ba Hadiza haƙuri. Ni kuma Allah Ya yafe mini.