Jakar da Ba ta Cikin Kayan Gado

Akwai abin da ko zan shekara ɗari a duniya ba zai bar raina ba, kuma a gidan wani mamaci ya same ni, nan Tudun Wada, ina tsakiyar aikina.

Ni dai dillaliya ce tun asali, irin masu yawo gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka. Da tafiya ta yi tafiya, sai sana'ar ta koma kwashe kayan gida. Idan an yi rasuwa an raba gado, ko ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki, sai a kira ni in share gidan tas. Abin sayarwa in saya, ƙarafa in tura wa 'yan gwangwan, tarkace a kai bola. Aiki ne na ƙarfi, ni kuwa duk ƙarfina a baki yake, don haka dole sai da leburori.

A wata shekara wani mutum ya zo ya ce yana da 'yan ci-rani biyar, majiya ƙarfi. Shi ke ba su wurin kwana da abinci a wani kango ta wajen Dutsen Abba, ni nawa kawai in biya shi, shi ya san yadda zai yi da su. Oga suke ce masa, har ni ma na bi sahu. Farashin da ya faɗa ya yi sauƙi ƙwarai, kuma da tsufana na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Mutanen kuwa ba su da makusa. Ba musu, ba neman ƙari, ba zuwa shan shayi a daɗe. Har alfahari nake yi a cikin 'yan'uwana dillalai, ina cewa ni nawa ma'aikatan ko waya ba sa dannawa. Yanzu idan na tuna wannan magana sai in ji kamar in nutse.

A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura a gemu, Baba nake ce masa. Da aka yi ruwan farko, sai na lura yana yawan tsayawa da kaya a ka yana kallon gabas. Wata rana ya rage murya ya tambaye ni ko an fara shuka a wajenmu. Na yi dariya na ce ni da ko shukar albasa ban da ita, ina zan sani? Ya ce a ƙauyensu gero ba ya jiran kowa, kuma baki tara ne ke ci daga gonarsa, ba wanda zai shuka ta in ba shi ba. Na ce, "To ka tafi mana, Baba, wa ya riƙe ka?" Ya saci kallon Oga, ya gyara gammonsa ya wuce. Ni kuwa na ce a raina daɗin kuɗin birni ne ya hana shi tafiya.

Bayan kamar mako uku muka samu aikin gidan wani tsohon malamin makaranta, gida cike da littattafai da tsofaffin akwatuna. Ina da ƙa'ida guda a aikina: ba jakar da za ta fita ban buɗe ta ba, tunda na taɓa tsintar takardun fili a cikin rigar matashi. Da hantsi Oga ya tafi neman motar da za ta ɗauki kaya. Ina bin zaure ina tattara abin da ya rage, sai na ga wata baƙar jaka a bayan ƙofa. Na zuge ta, sai ga wayoyi biyar a kashe, da katunan shaida an ɗaure su da roba. Da farko har na yi murmushi, na ce malam ya tafi lahira da wayoyin da ya ƙwace hannun ɗalibai. Ina ɗaga katin farko, sai na ga fuskar Baba tana kallona.

Na kira shi na nuna masa. Bai miƙo hannu ba, ƙofa ya fara dubawa. Sai da na rantse masa cewa ba abin da zai same shi, sannan ya buɗe baki. Ashe tun bayan girbi Oga ya kwaso su daga tasha da alkawarin aiki. Ya karɓe wayoyinsu da katunansu, wai ajiya, don gari akwai ɓarayi. Ladansu ma wai yana tara musu, abinci kawai suke gani. Kangon da suke kwana ta waje ake kulle shi. Wanda ya ce zai tafi, sai ya ce masa bismilla, amma ya sani duk baƙauyen da aka tare a hanya ba shaida, ɗan bindiga za a ce da shi. Da wannan kawai ya ɗaure manyan mutane biyar, ba igiya ba sarƙa.

Wallahi kunya ce ta fara kama ni kafin fushi. Wata da watanni mutanen nan suna ɗaukar mini kaya, ban taɓa tambayar ko sunan garinsu ba. Na aika aka kira mai unguwa da babban ɗan marigayin, muka zauna a zaure muna jira. Oga na shigowa ya ga jakar a cinyata, sai ya hau dariyar yaƙe. Ya ce, "Haba Hajiya, ai amana suka ba ni." Na ce, "To ga masu amana sun zo karɓa." Mai unguwa ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da Baba ya faɗa. Daga nan maganar ta wuce gaban hukuma, inda aka matsa masa ya fito da haƙƙinsu, ko da yake ba duka aka samu ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a ranar ya faru, kafin la'asar. Wayar Baba ba caji, sai muka kai shagon mai caji a bakin layi. Da ta kawo, ya kira matarsa, ina tsaye a gefensa. Ina jiyo kukanta ta cikin wayar, don sun riga sun fid da rai da shi. Ya rarrashe ta, sannan ya tambayi gona. Ya daɗe yana saurare yana cewa to, to. Da ya kashe, ya share fuska da hularsa, ya ce, "Hajiya, gero ya wuce ni. Na maƙwabta har an yi masa noman fari. Sai dai wake, in Allah ya yarda."

Bai zarge ni ba, godiya ma ya yi ta yi mini a tasha. Ni ce na ƙirga da kaina, na ga ranar da ya yi mini tambayar nan da sauran lokacin shuka. Da na tsaya na saurare shi minti biyar, da iyalinsa ba su yi shekara suna awo ba.

Tun daga ranar na canza yadda nake aiki. Ba na ɗaukar lebura ta bakin wani. Ina zama da shi in ji sunansa da garinsu da inda yake kwana, ladansa a tafin hannunsa nake sa masa, kuma ina gaya masa tun ranar farko cewa duk ranar da ya ga dama yana iya tafiya. Abin da na koya shi ne, bauta a wannan zamani ba ta zuwa da mari a ƙafa, da araha take zuwa, da kuma ma'aikacin da ya cika shiru. Duk wanda ya ci moriyar gumin mutum bai tambayi halin da yake ciki ba, to da hannunsa a cikin abin da aka yi masa, kuma ni na taɓa zama wannan mutumin.