Fiffike da Yatsa

Wata Talata ce a farkon kaka, shekarar da na shiga kolej a Matameye, tafin hannuna duk kanta saboda sussukar gero. Mushenmu, wato malaminmu na Ingilishi, ya manna hoto a allo: wani dodo mai dogon baki da fiffike irin na jemage, wanda ya ce ya ƙare tun kafin a yi mutane. A ƙarƙashi ya rubuta pterodactyl, ya ce mu karanta "terodaktil". Na ɗaga hannu na tambaya don me aka rubuta p in ba za a faɗe ta ba. Aji ya kwashe da dariya. Mushe ya ce haka Turawa suka ga dama, "ke da ko ƙaiƙayin kanki ba ki kakkaɓe ba." Na ce ban yarda ba. Ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi, ya ce kada in dawo sai da mahaifina.

Baba ya ce in je in ba da haƙuri, in ba haka ba lakwal, wato makaranta, ta ƙare, ga turmi ga rijiya. Na ce sai na san amsar. Kwana uku ina ɗebo ruwa, ina zuba wa awaki harawa, ina jin ƙawayena suna gaɗa a ƙofar gida ban leƙa ba. A na huɗu na tafi wurin Malam Idi, tsohon malamin asibiti na unguwarmu, mai wani ƙamus da gara ta cinye bangonsa. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana lalube. "'Yata, ai ba tasu ba ce, aro suka yi wurin Girkawa. Ptero fiffike, daktil yatsa, don yatsa guda ne ya yi tsawo ya riƙe fiffiken. Masu kalmar suna faɗin p ɗinsu, har Faransawa ma. Bakin Ingilishi ne ya kasa."

Washegari Baba ya raka ni. Na gai da Mushe da ladabi, amma haƙuri ban ba da ba. Na tsaya gaban aji, na faɗi abin da na samo. Mushe ya dube ni, ya ce, "Je ki zauna." Da la'asar na jiyo Baba ta bayan zana yana koya wa abokansa "fiffike-yatsa", yana tsawaita ta.

Yau 'yata tana latsa waya ta sami irin wannan amsa kafin shayi ya huce, kuma ina taya ta murna. Sai dai ban taɓa ganin ta yi fushi don an hana ta sani ba. Ni kuwa wannan fushin ne ya raine ni.