Kofin Jan Zare

A rumfar shayi ta tashar Hajj Abdalla nake ganinsa, dogo mai faffaɗan tafi, da koɗaɗɗiyar rigar ƙwallo ƙarƙashin jallabiya. An ce shi ke tsare ragar wata ƙungiya a garin Madani kafin hankalinsa ya taɓu. Yana zaune ƙarshen benci, yana magana shi kaɗai. Almu mai shayi ya ɗaura wa kofinsa jan zare, kada wani ya sha da shi.

Wani kofi ya zame daga faranti. Bawan Allah ya cafe kafin ya kai ƙasa, ya miƙo, kansa sunkuye. Ba wanda ya karɓa.

Na karɓa.

"Baba, ya taɓa shi fa," in ji Almu.

"Da bai taɓa ba, da ya fashe. Zuba mini."