Labarin da Almakashi Bai Samu Ba

Cikin shekarun da na yi ina aika wa jaridarmu labari daga Ikara, Makarfi da Kudan, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da Baba Yohanna ya tare ni a kasuwar Makarfi, wandonsa jiƙe har gwiwa. Dattijo ne manomin rake daga wani ƙauye bayan Dandamisa. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke haɗa su da titi, ga matar ɗansa, Rifkatu, da tsohon ciki.

Ku yara ba ku tarar da tsarin ba, bari in bayyana. A da, kowane ofishin gwamnati yana da jami'in yaɗa labarai. Da safe zai ɗauki almakashi ya yanke duk labarin da ya shafi ofishinsu, ya manna a fayil, ya kai teburin oga. Abin da ya shiga fayil ɗin nan shi ake dubawa. Da haka na taɓa sa aka gyara wa ƙauyen su Baba rijiya, kuma Baba yana ajiye da yankin jaridar a cikin Littafi Mai Tsarki.

Ya ce, "Ɗana, ka sake yi mana irin na rijiya."

Na bugi ƙirji na ce an gama. Na je na ɗauki hoto, na rubuta, na aika.

Kwana biyu edita ya kira ni. Ya ce takarda ta yi tsada, talla ta ƙafe, an soke shafin labaran karkara. Ɗan abin da ake bugawa ma ba ya ƙetare manyan birane. Na ce, "Ranka ya daɗe, rai ne fa a ciki." Ya ce, "Malam Sabo, na sa maka a intanet. Iyakar ƙarfina ke nan."

Na garzaya ofishin da abin ya shafa, na miƙa wa jami'in wayata. Mutumin kirki ne, mun saba. Ya karanta har ƙarshe, ya jawo aljihun tebur ya nuna mini almakashinsa, ya yi tsatsa. Ya ce, "To ta ina zan yanka?" Na je shago aka fitar mini da labarin a farar takarda. Ya karɓa don kunya, amma ya ce irin wannan kowa na iya bugawa a gida, ba ta da nauyin jarida.

Duk ranar kasuwa sai Baba ya ratso ruwa ya tambayi mai jarida ko ta fito, mai jaridar da ya riga ya koma cajin waya. Ni kuwa na riƙa zagayewa ta layin masu albasa don kada mu haɗu. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan.

Da naƙuda ta zo, rafi ya cika. A bakin ruwa Rifkatu ta haihu, jaririn bai zo da rai ba.

Na je gaisuwa, kuma saboda sabo na zaro biro. Baba ya dafa hannuna. Ya buɗe Littafin, ya ciro yankin jaridar nan da ya yi ja don tsufa, ya ba ni.

"Riƙe kayanka, ɗana. Wannan kuma kada ka wahalar da kanka. Wa zai karanta?"

Mu 'yan jarida mukan yi kukan aikinmu da ya mutu kamar mu kaɗai aka yi wa rashi. A ranar na gane cewa ni aiki na rasa, su kuwa ƙofa ɗaya tilo da suka san ana ƙwanƙwasawa a buɗe, ita aka toshe. Yankin jaridar yana cikin jakata, kwalbatin kuma har yau ba a gyara ba.